Kyanwoyin Minamata da agwagin Zamfara

A shekarar da nake digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, malamar da ke koya mana cututtukan yara ta raba mana batutuwan da kowa zai gabatar a aji. Ni Minamata ta faɗo mini, wani gari na masunta a kudancin Japan da ban taɓa jin sunansa ba. Na shiga ɗakin karatu da niyyar in gama cikin kwana uku. Sai na tarar rahotannin likitoci suna wuri ɗaya, na masu nazarin halittun teku suna wani wurin, hukuncin kotu sai na tsallaka tsangayar shari'a, labarin yadda gwamnati ta yi ta jan ƙafa kuma yana cikin littattafan 'yan kimiyyar siyasa. Na koma ofishinta na ce, "Malama, wannan batu fa ba namu ba ne. Rabinsa na masu nazarin kifi ne, rabi na lauyoyi." Ta ce, "To yaron da ya ci kifin, ɗan wane sashe ne? Je ki karanto duka."

Na je na karanto, kuma har yau ban daina komawa kansa ba.

A Minamata akwai masana'antar sinadarai ta kamfanin Chisso. Daga 1932 zuwa 1968 ta riƙa haɗa wani sinadari mai suna asetaldihaid, wanda ke shiga cikin yin roba, kuma tana amfani da zaiba wajen haɗin, wato ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ke cikin ma'aunin zafin jiki irin na da. Dagwalon aikin kuwa a teku ake zubar da shi. Tun kafin wani likita ya rubuta komai, mutanen gari sun riga sun ga alamu. Kifaye na tasowa saman ruwa a mace, tsuntsaye na faɗowa daga sama, kyanwoyi na tangaɗi suna juyi kamar masu bori, wasu su faɗa teku. Har suna aka sa wa abin, ciwon rawar kyanwa. A watan Afrilun 1956 aka kai wata yarinya 'yar shekara biyar asibitin masana'antar, ba ta iya tafiya daidai, maganarta ta sarƙe, tana jijjiga. Bayan kwanaki aka kawo ƙanwarta da irin wannan ciwo. Ranar 1 ga Mayu shugaban asibitin, Dakta Hajime Hosokawa, ya kai rahoto ga hukumar lafiya. Da farko an ɗauka annoba ce, aka yi ta feshi a gidajen marasa lafiya, maƙwabta suka ƙaurace musu.

Masu bincike na Jami'ar Kumamoto ba su yi sanya ba. Kafin shekarar ta ƙare sun faɗi cewa ba ciwo ne da ake ɗauka daga wani ba, guba ce ta wani ƙarfe da ke shiga jiki ta hanyar cin kifi da sauran halittun ruwa. A 1957 gwamnatin lardin Kumamoto, inda Minamata take, ta nemi izinin hana kamun kifi a gaɓar, bisa dokar tsaftar abinci. Ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta amsa cewa babu hujjar da ta nuna dukkan kifin wurin na da guba, don haka dokar ba ta hau ba. Na daɗe ina kallon wannan amsa. Duk wanda ya yi nazarin halittun teku ya san irin wannan zaiba, wadda masana ke kira metilmakuri, ba ta saurin barin jikin abin da ya haɗiye ta. Ƙananan halittu su tsotse ta daga ruwa, ƙaramin kifi ya cinye su da yawa, babban kifi ya cinye ƙananan, a kowane mataki tana ƙara taruwa, har ta iso tukunyar masunci wanda kifi ne abincinsa safe da dare. Ba sai kowane kifi ya zama mai guba ba kafin mai ci kullum ya kwanta. Amma mai riƙe da doka yana karanta kalmomin doka ne, mai nazarin kifi kuma ba ya zaune a teburin da ake yanke hukunci. Aka ci gaba da ci.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne inda bakin zaren ya fito. Alamomin ciwon, wato ƙuntacewar gani, raunin ji, sarƙewar harshe da tangaɗi, sun yi daidai da abin da wasu likitoci a Ingila suka rubuta tun 1940 game da ma'aikata huɗu na wata masana'anta mai haɗa maganin feshin iri da zaiba. Rubutu ne kan ciwon da leburori suka samu a wurin aiki, ba wanda zai neme shi in yana binciken ciwon yaran masunta. Da aka haɗa biyun, a watan Yulin 1959 tawagar Kumamoto ta bayyana cewa zaiba ce. Taɓon da aka ɗebo a bakin magudanar masana'antar an samu kusan kilo biyu na zaiba a kowane tan ɗaya.

A cikin wannan shekarar ne Dakta Hosokawa ya yi nasa gwajin a asibitin kamfanin. Ya riƙa zuba dagwalon sashen asetaldihaid a abincin wata kyanwa da ya sa wa lamba 400. A watan Oktoba kyanwar ta kamu da ciwon. Ya sanar da shugabannin masana'antar, aka hana shi ci gaba da gwajin, sakamakon kuma bai fita waje ba. Ya bar aiki a 1962. Sai a 1970, yana kwance a gadon asibiti da ciwon daji, ya ba da shaida ga kotu, kuma a shekarar ya rasu.

Lokacin da na gabatar a aji, na yi masa hukunci mai tsauri. Na ce ya san gaskiya ya yi shiru. Yanzu da na yi shekaru ina karɓar albashi daga hannun wasu, na ga binciken da mai kuɗin aikin bai ji daɗin sakamakonsa ba, ina kallonsa da wani ido. Ban wanke shi ba, shirun ya ci rayuka. Amma shi ma'aikaci ne, a garin da magajin garinsa ma tsohon manajan masana'antar ne, kuma babu dokar da za ta tsaya masa in ya buɗe baki. Japan ba ta yi dokar kare ma'aikacin da ya tona asirin wurin aikinsa ba sai 2004. A nan na gane dokar ƙwadago ba maganar albashi da hutu kaɗai ba ce. Ita ce ke nuna ko wanda ya sani zai iya faɗa ya kwana da aikinsa. Ma'aikatan Chisso ɗin kansu sai da suka sha wuyar kamfanin a dogon yajin aikin 1962 zuwa 1963 kafin idonsu ya buɗe, har ƙungiyarsu ta fitar da sanarwa a 1968 cewa abin kunya ne a gare su da ba su tsaya wa marasa lafiya ba.

Ɓangaren siyasa gajere ne wajen faɗa. A Nuwamban 1959 kwamitin da ma'aikatar lafiya ta kafa ya miƙa rahoto cewa zaiba ce, washegari aka rushe shi. A Disamba kamfanin ya ba iyalai abin da ya kira kuɗin jaje: yen 300,000 ga wanda ya mutu, 100,000 a shekara ga babba, 30,000 ga yaro, da sharaɗin ko nan gaba an tabbatar laifin masana'antar ne, ba za su ƙara neman komai ba. An sa hannu a kan wannan takarda wata biyu bayan kyanwa mai lamba 400 ta kamu. Gwamnati ba ta amsa a hukumance ba sai Satumban 1968, bayan irin ciwon ya sake ɓulla a Niigata, wani lardi na Japan, a 1965, bayan kuma masana'antar ta riga ta daina wannan haɗin. A 1973 kotun Kumamoto ta soke waccan yarjejeniya ta ba marasa lafiya gaskiya.

Jariran ne suka fi tsaya mini a rai. A lokacin likitoci sun yarda cewa mabiyiya tana tare guba, ba ta barin ta isa ga ɗan tayi. Don haka yaran da aka haifa ba sa iya riƙe wuya, ba sa magana, aka ce shanyewar ƙwaƙwalwa ce kawai, tunda ba su taɓa cin kifi ba. Uwayensu ne suka dage cewa ciwo ɗaya ne, kifin da suka ci da ciki ne. Wani matashin likita, Masazumi Harada, ya saurare su, ya bi gida gida yana duba yaran, kuma a 1962 aka amince cewa zaiba na ratsa mabiyiya. Daga baya ma al'adar Japanawa ta ajiye busasshiyar cibiyar jariri a ɗan akwati ta yi rana, don da ita aka auna yawan zaibar da ta shiga jikin yaran da aka haifa shekaru da dama kafin nan.

Duk wanda ya tashi a Arewa, in ya karanta wannan, Zamfara zai tuna. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta tarar da yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. An fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe duwatsun zinaren da ake kawowa gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, cike suke da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A ƙauyuka biyu da aka ƙirga, kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar waɗanda aka rasa ta haura 400. Kafin wannan, agwagin ƙauyukan sun fara ƙarewa, mutane sun gani, ba wanda ya tambaye su. Ƙauyen Bagega kuwa sai 2013 aka saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Kuma masu haƙar zinaren nan da zaiba suke kama zinaren, su ƙona ta hayaƙin ya bi iska, shi ya sa yarjejeniyar duniya kan zaiba da aka ƙulla a 2013, wadda aka sa wa sunan Minamata, ta ware sashe guda a kan irin aikinsu.

Na san duk wannan, na ci jarrabawa a kansa. Duk da haka ga abin da ya same ni.

Bayan kammala karatu na shiga wata tawaga da ke binciken ƙarancin jini a jikin ƙananan yara a wasu ƙauyuka. Da yake ni mace ce, ni ke shiga cikin gida, abokan aikina maza su tsaya a zaure. Takardar tambayoyinmu ta sha gyara har ta samu amincewa: shayarwa, yaye, gidan sauro, maganin tsutsar ciki, abin da yaro ya ci jiya. A wani gida aka shimfiɗa mini tabarma a gindin bishiya, uwar yaron na amsa mini ina cikewa. Kakarsa na gefe tana ɓarar gyaɗa. A kan igiya akwai riga da wando na maigidan, sun yi fari fat da ƙura, wata yarinya na kakkaɓe su da kara, ƙurar na sauka kusa da faifan da aka shanya gari. Tsohuwar ta ce, "'Yar nan, ku da kuka yi boko, me ke kashe kaji haka? Bana ko ɗaya ba ta tsira ba a gidan nan, kuma ba irin ciwon da muka sani ba ne." Na ce, "Allah ya mayar da alheri, Iya," na juya shafi. Babu gurbin kaji a takardata, babu gurbin sana'ar uba, kuma saura gida shida kafin la'asar.

Sai da dare, ina shigar da amsoshi a kwamfuta, na iso lambar gidan, gabana ya faɗi. Kayan da ke kan igiya, garin da ke kan faifai, kajin. Dalma na cikin abubuwan da ke jawo ƙarancin jini, a aji na koya, abin da muka zo aunawa ke nan. Ban yi barcin kirki ba. Da sassafe na koma, na gaida Iya, na ce jiya ban saurare ta yadda ya kamata ba, ta sake faɗa mini. Ta faɗa, har da inda ɗanta ke zuwa aikin niƙan dutse da tun yaushe ya fara. Na rubuta a bayan takardar, na roƙi a daina kakkaɓe kayan a tsakar gida, a wanke su daban, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Na kai maganar ga shugaban tawagarmu da ma'aikacin asibitin yankin don a auna jinin yaran. Abin da ya biyo baya na iyalin ne, ba nawa ba ne in baza.

Abin da ke damuna shi ne sa'o'in da ke tsakanin tambayarta da komawata. Ba rashin ilimi ya hana ni ji ba. Takardar ce ta riga ta yanke mini abin da zan ji, ni kuma na bi ta, kamar yadda jami'in ma'aikatar lafiya ya bi kalmomin dokarsa a 1957.

Yanzu ni ke tsara wa ƙananan ma'aikata takardun da za su fita da su. Kafin a buga, nakan aika daftarin ga mutum biyu da ba 'yan fanninmu ba, galibi likitan dabbobi da wani wanda ya san harkar ƙwadago, su faɗa mini abin da na manta. A kowace takarda akwai tambaya kan aikin da manyan gida ke yi da inda ake ajiye kayan aikin, akwai tambaya kan dabbobi da ruwan sha. Shafin ƙarshe fari ne, layi ɗaya kawai a samansa: “Akwai abin da kuka lura da shi a gidan nan ko garin nan da ban tambaya ba?” Nakan ce musu in sun karanta wannan layi su ajiye biro a kan cinya, su jira, ko da tsohuwar gidan ce za ta amsa ba wadda aka zo tambaya ba.