Tarihin Rayuwata, Fitowa ta 17: Da Ambe Na Fara

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda na ajiye kakin sojan ruwa na dawo ƙauyenmu, nan gefen Kogin Haɗeja tsakanin Ringim da Taura. Da damina ban da lokacin tunani, gona ta isa ta cinye mutum. Amma da aka gama girbi, aka koma zaman inuwa bayan la'asar, sai tambayoyi suka taso. "Baba Soja, wai jirgin naku ya kai tirela nawa?" In na ce jirgin yaƙinmu Aradu ya haura mita 125, sai a ce ikon Allah, a girgiza kai. Ina kallon idanunsu na san kwalekwalen fito suke hangowa, sun dai ƙara masa tsawo. Ba laifinsu ba ne. Mafi yawansu ba su taɓa ganin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓar ba, kuma a kan irin wannan ruwa na ƙarar da ƙuruciyata. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai: 'ya'yana da jikokina ba su san ɗakin da na kwana a ciki shekara da shekaru ba.

Shi ya sa na ce zan sassaƙa musu ƙananan jiragen da itace.

Kowa ya ɗauka da Aradu zan fara. Shi ne abin alfahari, kamfanin Blohm & Voss ya ƙera shi a Hambug ta Jamus, ya shiga aiki a 1982, da babbar bindiga a goshi da filin saukar helikwafta a baya, shi ake sa wa a kalanda. Na yi aiki a cikinsa kuma ina ƙaunarsa. Amma da NNS Ambe na fara, jirgin da ba wanda zai ce kyakkyawa ne. Shi da ɗan'uwansa Ofiom jiragen dako ne, su ma ƙirar Jamus, an kawo su a 1979 don kai sojoji da motoci da tankokin yaƙi har bakin gaɓa. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne don ya iya shiga ruwa marar zurfi, saboda haka in teku ta tashi yakan yi ta tangaɗi har tsohon ma'aikaci ya ji cikinsa na juyawa. A cikinsa na je Laberiya a watan Agustan 1990, lokacin da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ta taso daga Firitawun ta Saliyo ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo na Ghana, da sojojin Najeriya, Ghana, Gini, Saliyo da Gambiya. Ran 24 ga wata aka sauka a tashar jiragen Monrobiya, mutanen madugun 'yan tawaye Charles Taylor na ruwan wuta. Wanda ya ga wannan rana daga saman Ambe ba zai fara da wani jirgi ba.

Lissafin mai sauƙi na ɗauka: kowace mita ɗaya ta jirgi, santimita ɗaya a hannuna. Ambe mita 87 ne a tsawo, 14 a faɗi, don haka nawa ya zama santimita 87 da 14. Ba ni da zanen kamfani. Abin da nake da shi tsofaffin hotuna ne da suka fara ja, sai kuma ƙafafuna da hannuwana. Ni ma'aikacin sama ne, igiya da anga da fenti su ne aikina, babu taƙin wannan jirgi da ban kankare tsatsarsa na shafa masa fenti ba. Hoto yakan nuna gefe ɗaya, sauran sai in rufe ido in taka daga goshi zuwa baya, in tuna inda nake sunkuyawa, inda nake ɗaga ƙafa in tsallake dokin ƙofa, inda tsani yake. A bayan takardar buhun siminti na zana shi, ta sama da ta gefe.

Ran Lahadi na hau mota zuwa kasuwar Gujungu, wajen wani dattijo masassaƙi da ke kawo turmi da akushi. Na shimfiɗa masa takardar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, ƙirya kake so? Za ta cinye maka wuƙa kafin ka fitar da hancin nan. Nemi rimi wanda ya sha hunturu ya bushe, amma ka ba shi maganin gara tun kafin fenti, don gara ba ta san soja ba." Shi ya fafe mini gangar jikin da gizago, ni na ƙarasa da magagari da sanfefa. Ɗakunan sama, wato inda kyaftin da matuƙi ke tsayawa, da siririn falanki na yi su, na sayo a 'yan katako na Na'ibawa.

Inda aikin ya ci rai shi ne ƙofar goshi. Ita ce dalilin jirgin gaba ɗaya: ya tunkari gaɓa, a sauke gadar ƙarfe, motoci su fita da ƙafarsu. In ba ta buɗewa, to gunkin itace kawai na yi. Da gwangwanin madara na yanke ta, na lanƙwasa bakin a kan sifok ɗin keke ya zama maratayi, na ɗaura mata sarƙar wuya ta yara irin ta 'yan koli. Shingen gefe da wayar tagulla ta tsohuwar fanka na yi shi, sanda ɗaya bayan ɗaya, ina riƙewa da hantsaki, sai da safe kawai saboda idona ba ya ɗaukar wannan aiki in rana ta karkata. Jikana shi ke riƙe mini kwalbar gam. Yakan ce, "Kaka, wa zai ƙirga sandunan nan?" Nakan ce masa wanda ya taɓa riƙe su da dare, teku na neman fizge shi, ya san tazarar da ke tsakaninsu. Ban yarda da "ai ya yi kama" ba. Mutane sun rayu a wurin nan, wasu daga nan suka yi sallama da duniya, bai kamata in sa musu ƙofa inda babu ƙofa ba.

Mutum-mutumi kuwa ban sa ba. Na tambayi liman tun farko, ya ce jirgi ba abu mai rai ba ne, babu komai, amma in bar surar mutane. Haka na yi.

Kafin in shafa fenti labari ya zagaya gari. Wata rana uwargida ta leƙo zaure ta ce ina da baƙuwa. Wata tsohuwa ce daga ƙauyen da ke gaba da mu, ɗanta sojan ƙasa ne, ya tafi Laberiya bai dawo ba, ko gawarsa ba ta gani ba. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗana, an ce ka yi jirgin da ya kai su." Na ce, "Inna, jirage da yawa ne suka yi jigila, kuma an yi shekaru ana yi. Amma wannan ya ɗebi da yawa." Ta ce in nuna mata inda suke zama. Na sauke ƙofar goshi, na nuna mata cikin, inda ake jera motoci, sojoji na kwance a tsakaninsu sun yi matashi da jakunkunansu. Na nuna mata inda muke shimfiɗa kwali mu yi jam'i, muna tambayar masu tuƙi alƙibla don jirgi na juyawa. Ta tambaya ko ana ba su abinci su ƙoshi, na ce ana dafa shinkafa da wake a manyan tukwane, kuma mu ma'aikatan jirgi mukan bar wa masu sauka su fara ɗiba. Ta ce alhamdu lillahi, ta yi addu'a mai tsawo, ta haɗa da waɗanda muka kwaso daga can, mata da yara da suka cika jirgin har ba wurin taka ƙafa. Washegari ta aiko mini da ƙwaryar gyaɗa.

Fentin sai da hazo ya lafa, don ƙurar hunturu na manne wa ɗanyen fenti. Na haɗa fari da baƙi kaɗan-kaɗan har toka-tokar ta zauna daidai, ƙasa ja, da baƙin layi a inda ruwa ke tsayawa. Lambarsa, 1312, da gashin kaza na rubuta ta. Yanzu yana zaure a cikin akwatin gilashi, kuma malamin firamaren garinmu ya kawo 'yan aji shida sun auna shi da rula, sun ninka da 100, sannan suka fita fili suka taka mita 87 da ƙafarsu.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda na fara Aradu, da yadda neman itace mai tsawon santimita 125 marar tsaga ya kai ni har Maigatari.