Yadda Na Auna Saitin Ƙoƙon Kuloci Bayan Na Sauke Giyabos Sau Biyu

Motar wata tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar Toyota Hilux mai injin 22R, wadda maigidanta yake ɗaukar buhunan hatsi da ita daga kasuwar Dawanau. Ya kawo ta garejinmu da ƙorafi guda ɗaya: idan ta hau titi ta shiga giya ta huɗu, da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur sai giyar ta fice da kanta. Na yi abin da kowane makanike zai fara yi, na sauke giyabos, na canza zoben sinkuro da ya cinye, wato zoben da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, na sa sabon farantin kuloci da sababbin boris, na mayar. Bayan wata biyu motar ta dawo da ciwonta, har da ƙarin ƙara a gaban giyabos. Alhajin ya dube ni ya ce, "Malam, anya ba giyabos ɗin ne ya gama yayi ba?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu kafin a kashe kuɗi a kan wani."

Da na sake saukewa, abin da ya tsayar da ni shi ne ɗan boris ɗin da ke zaune a ƙarshen karanshaf (babbar sandar da ke juyawa a cikin injin), wanda bakin sandar giyabos ke shiga cikinsa. Ni da hannuna na sa shi sabo, amma ga shi ya yi sako-sako, man cikinsa ya ƙone ya yi baƙi. Boris ɗin gaban giyabos ma ya fara kuka. Abu biyu sababbi ba za su mutu tare cikin wata biyu ba sai idan akwai abin da yake tanƙwara sandar da ke tsakaninsu, kuma abin da ke riƙe giyabos daidai da tsakiyar injin shi ne ƙoƙon da ya rufe kuloci, wanda mu a gareji muke kira belhausin.

A nan ne na gane kuskuren da na daɗe ina yi. Ina ɗauka cewa idan notuna sun shiga sun ɗauru, to komai ya zauna daidai. Alhali ramukan notuna suna da ɗan sarari, aikinsu matsewa ne kawai. Saitin yana hannun ƙananan ƙusoshi biyu masu santsi, dawul, da ke bayan injin. A wannan motar ɗaya babu ita sam, kuma a saukewar farko na ga ramin a buɗe na wuce, ɗayar kuwa ta sha guduma har ta lanƙwashe.

Na aro agogon awo mai allura da gindinsa na maganaɗisu daga wani abokina mai injin sassaƙar ƙarfe. Na cire farantin kuloci da murfinsa, na bar filawil, babban faifan ƙarfen da ke ƙarshen karanshaf, a ɗaure, na raba ƙoƙon da giyabos, na kankare fenti da tsatsa daga fuskokin da ke haɗuwa, sannan na ɗaura ƙoƙon a jikin injin da dukan notunansa kamar yadda zai zauna a mota. Na manna gindin agogon a kan filawil, na miƙa bakinsa ya taɓa cikin zagayen ramin tsakiyar ƙoƙon. Na cire fulogi huɗun don injin ya juyu cikin sauƙi, na sa yaron gareji yana juya shi a hankali da sifana daga gaba, ni kuma ina kwance ina karanta allura da madubi a inda idona ba ya kaiwa.

Awon farko shirme ya ba ni, domin hannun agogon ya yi tsawo yana rawa, kuma da muka zagayo wurin da muka fara allura ba ta koma sifili ba. Idan ba ta koma ba, duk abin da aka karanta a zubar da shi. Na gajarta hannun, na ƙara matse shi, na yi alama da alli a wurare huɗu, sama da dama da ƙasa da hagu. Da na sa sifili a sama, dama ta ba ni milimita 0.20, hagu 0.26, ƙasa kuma 0.46, duka allura tana komawa baya. Akwai hanyar tabbatar da cewa awon gaskiya ne: jimlar sama da ƙasa ta yi daidai da jimlar dama da hagu, kuma a nan duka biyun sun ba da 0.46.

Lambar da agogo ya nuna ninki biyu ce ta ainihin kaucewar, saboda bangon ramin yana matsowa a gefe ɗaya yana kuma nisa a ɗaya gefen, don haka sai an raba ta biyu. Ƙoƙon ya zame ƙasa da milimita 0.23 ke nan. Iyakar da aka saba bi, wadda kamfanin Tremec na masu ƙera giyabos ya gindaya wa nasa, ita ce inci 0.005, kusan milimita 0.13. Tazarar ba ta fi kaurin gashin kai biyu ko uku ba, amma ta isa ta sa sandar giyabos ta riƙa murɗawa a kowane juyi. Giya ta huɗu ce ta fi jin jiki domin a ita ce sandar shiga da sandar fita ke kullewa su zama ɗaya, kuma idan ba sa kan layi guda haƙoran kullin suna ture juna har su saki.

A Amurka ana sayar da dawul masu karkataccen kai, na inci 0.007 da 0.014 da 0.021, waɗanda ake juyawa har ƙoƙon ya dawo tsakiya. Ni ban kai ga buƙatarsu ba. Abokina ya sassaƙa mini dawul biyu madaidaita daidai da ramukan, na buga su, na sake ɗaurawa na auna. Mafi girman abin da allura ta nuna 0.14 ne, wato kaucewar 0.07.

Sai na juya bakin agogon ya hau fuskar ƙoƙon, inda giyabos ke jingina, don in ga ko ta karkace. A wannan awon dole a riƙa tura karanshaf gefe guda kafin kowane karatu, domin yana da ɗan wasan gaba da baya wanda zai shiga lissafi ya ruɗa mutum. Fuskar ta tsaya a 0.04, ƙasa da 0.05 da ake nema.

Na sa sabon boris a karanshaf da gaban giyabos, na saita farantin kuloci da tsohuwar sandar giya da nake ajiyewa don wannan aiki, kuma giyabos ya zauna har ƙarshe da turin hannu, ba tare da na jawo shi da noti ba. Kuɗin aikin na biyu ban karɓa ba, tunda ramin dawul ɗin ni na gan shi tun farko. Motar ta shiga shekara ta biyu tana lodi, agogon awon kuwa na mayar wa mai shi na sayi nawa.