Akawal ɗin unguwarmu ya mutu

Jama'a yau sai haƙuri, ba labarin daɗi na zo da shi ba. Akawal ɗin nan, wato baƙin dokin nan na Alhaji maƙwabcinmu, wanda duk mai zuwa kallon tseren doki a Katsina shekarun baya ya san shi, ya mutu daren Talata a bargarsa. Ciwon ciki ne, irin wanda doki zai ta kwanciya yana tashi yana birgima yana waiwayen cikinsa, an kira likitan dabbobi ya yi allura ya sa ƙarin ruwa, an yi ta zagayawa da shi cikin gida dan kar ya kwanta, amma ina, kwana ya ƙare. Ya haura shekara 25, wanda a doki tsufa ne sosai.

Na san wani zai ce to dan doki ya mutu har da rubutu? Wanda ba Bakatsine ba ne zai faɗi haka. Garin nan tun zamanin Sarki Dikko da ya hau a 1906 ya kawo mana polo, Sarki Usman Nagogo ya zo ya yi suna a wasan har ƙasashen waje, doki a wajenmu ɗan gida ne, ana sanin halinsa kamar yadda ake sanin na mutum.

Shi wannan yana dukushi aka sawo shi kasuwar Mai'adua, ramamme, ba wanda ya kalle shi sau biyu. Halinsa a fili shi ne bai taɓa fita a gaba ba. Za a saki dawaki kowa ya zuba a guje ƙura ta tashi, shi yana can na huɗu na biyar kamar bai damu ba, mutanen da ba su san shi ba har sun fara yi ma Alhaji dariya, sai an zo kwanar ƙarshe ka ga ya kwantar da kunnuwa ya miƙe wuya, yaron da ke kansa ma sakin linzami kawai yake yi, ba ruwansa da bulala sabida in ka dake shi tsayawa yake cak. Wallahi ihun da ake yi a wannan kwanar har yau ina jin shi a kunnena.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne bayan ya daina gudu. Mun san yadda ake yi, doki na cin kofi ana mashi kirari, ranar da ƙafa ta samu matsala sai a kira dillali da dare, a loda shi a mota a yi kudu da shi wajen masu yanka. Abin nan yana ci mani rai ƙwarai. Alhaji ko da jijiyar ƙafar gaba ta kumbura aka ce ba sauran tsere, dillalai sun yi ta sintiri, ya ce dokin da ya fidda shi kunya a bainar jama'a ba zai ci kuɗinsa ba. Ga harawa da tsada, ga dawa ga dusa ga kanwa, shekara da shekaru ba ya kawo ko sisi, bai taɓa rage mashi ba.

Da haƙoransa suka cinye, Baba mai kula da barga jiƙa mashi dusa yake da ruwan ɗumi ya dama da hannu, ya tsaya har ya cinye dan kar sauran su yi mashi ƙwace. Da sallah a ɗaura mashi sirdi mara nauyi, jikokin gidan su hau a ja su a hankali har Ƙofar Soro, in ya ji tambari da algaita sai ya fara takawa yana haniniya, tsoho da shi.

Na je ma Baba jaje da safe, ya riƙe hannuna ya ce "ɗana, ni yanzu in na tashi da asuba wa zan fara dubawa?" Ban samu abin ce mashi ba. A gonar Alhaji aka gina rami aka rufe shi.

Dan Allah duk mai tsohon hotonsa ko bidiyo na lokacin tsere ya turo mani ta WhatsApp, Alhaji na so a wanke mashi, nashi ruwa ya lalata su.