Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da na rubuta sunan kowa

Makon jiya na tsaya inda aka turo ni Tawa koyarwa, da akwatin ƙarfe da ƴar rediyo, na sauka gidan kawuna. A nan 1989 ta same ni.

Kunce, shugaban mulkin sojan Nijar, ya rasu tun Nuwamba 1987, Ali Shaibu ya hau. Wanda bai yi zamanin Kunce ba, ba zai gane daɗin kalmar "sassauci" ba. A da ko tari za ka yi a fada sai ka waiga. Sai ga shi an saki ƴan siyasar da ke tsare, mutane na hirar gwamnati a bakin mai shayi. Ana cikin haka aka kafa jam'iyyar MNSD, ita kaɗai tilo, aka ɗora ta bisa abin da Kunce ya bari: samariya, ƙungiyoyin manoma da sarakuna.

Kawu shi ne mai samari na unguwarmu. Da ya ga rubutuna yana da kyau, sai ya aje mini tebur a zaure, kullum bayan la'asar ina rubuta sunayen masu karɓar katin jam'iyya. Mahauta, ƴan tebur, tsofaffin da ba su san shekarunsu ba sai dai su ce shekarar yunwa kaza. Wata rana na ce, "Kawu, in mutum ya ce ba ya so fa?" Ya dube ni ya ce, "Malam, ba ya son me? Akwai wata ne?"

Ranar 10 ga Disamba aka yi zaɓe. Ɗan takara ɗaya, Ali Shaibu, ya samu fiye da kashi 99 cikin 100, kujerun majalisa 93 duka na jam'iyya. Yau yara na dariyar wannan lissafi, ni ma nakan yi. Amma a unguwarmu ban ga an ja kowa da igiya ba. Godiya mutane suka je yi wa wanda ya sassauta musu wuya. Sai dai godiya ba ta cika tukunya: kuɗin uraniyom sun faɗi, gwamnati na ta tsuke bakin aljihu, ɗalibai kuwa su suka fara jin zafin.

Ƙanena yana jami'a a Yamai. Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990 suka fito za su haye gadar Kennedy, aka buɗe wuta, ɗalibai uku suka mutu. Kwana uku ba mu ji ɗuriyarsa ba. Kawu bai fita zaure ba, rediyona na kunnensa, ko tuwo bai taɓa ba. Da yaron ya iso da ƙafa a kumbure, Kawu ya rungume shi, sannan ya ce, "Ba da sanin Shugaba aka yi ba." Yaron bai tanka ba. Wata shida ba su ci a kwano ɗaya ba.

Daga nan abin ya yi ta zubewa. Kafin ƙarshen shekara an yarda da jam'iyyu barkatai, 29 ga Yuli 1991 aka buɗe babban taron ƙasa, Andre Salifu na shugabanta, aka bar wa Ali Shaibu suna kawai. Waɗanda na rubuta da hannuna suka fara zuwa da dare, suna roƙo in soke su. Kawu ya hana. Da Tanja, tsohon parfen (wato gwamnan) Tawa, ya karɓi jam'iyyar, cewa ya yi, "Aje littafin nan, za su dawo."

Yana nan har yau cikin akwatin ƙarfen, gara ta cinye shafi biyu. Mako mai zuwa zan faɗi yadda yajin aiki ya kusa ɓata mini aure.