Na je Yamai aka ɗinke mini ciki

Tun bayan haihuwar tagwayena cikina bai koma ba. Ba ƙiba ba ce, don hannuwana da fuskata sun sauka tun kafin in yaye su. Cikin ne kaɗai ya tsaya a gaba, fata ta zubo ta rufe mara, cibiya ta turo waje. In na kwanta rigingine na ɗaga kai, wani tudu ke tasowa daga ƙasan ƙirji zuwa cibiya, kuma yatsuna suna nutsewa tsakanin naman hagu da na dama. Da bazara ta kama a Tawa, ƙarƙashin fatar nan yakan yi ja ya saɓule don gumi. Baya kullum cikin ciwo, ga ni tela, a kan keke nake wuni. A gidan biki ana yi mini "Allah ya raba lafiya", alhali har autan da ya biyo bayan tagwayen ya fara gudu.

Likitan da na fara gani a Tawa ya yi mini hoton ciki, ya ce naman nan biyu da ke miƙe a gaban ciki sun rabu, kuma akwai 'yar ƙaba a cibiya. Ɗaure ciki da zane ba zai haɗa su ba. Shi ya tura ni wajen likitan fiɗa a Yamai, na je bayan damina ya duba ni. Wasu Tunusiya suke tafiya don wannan aiki, wasu Turkiyya. Ni na fi son inda in wani abu ya taso bayan na dawo gida, mota za ta iya mayar da ni wurin wanda ya yanka ni.

Tambayarsa ta farko ita ce: "Hajiya, kin gama haihuwa?" Ya ce wani cikin zai iya buɗe abin da aka ɗinke. Sannan ya ce in cire a raina cewa aikin rage ƙiba ne, nauyina ma so yake ya tsaya wuri guda na akalla wata 6 kafin a shiga. Ya zana mini a takarda: za a yanka ƙasan mara daga wannan ƙugu zuwa wancan, a ɗaga fata har kusa da ƙirji, a gyara ƙabar, a jawo naman biyu a ɗinke su a tsakiya, a ja fatar ƙasa a yanke rarar, a huda wa cibiya sabuwar kafa. Na gane shi sarai, domin haka nake yi wa rigar da ɗinkin tsakiyarta ya ɓalle: sai an haɗa na ciki tukuna kafin a rage yadin sama.

Gwaji ya nuna jinina ya yi ƙasa, don haka aka ɗora ni a kan ƙwayar ƙarin jini, ina cin hanta da zogale. Aka auna sukari da hawan jini. Likitan ya tambaya ko ina shan taba ko shisha ko ina sa taba a baki, ya ce mai yi sai ta daina mako 4 zuwa 6 kafin aiki, don nikotin na tsuke ƙananan jijiyoyin da fata ke rayuwa da su, bakin ɗinki ya iya mutuwa. Na kuma je wurin malamin unguwarmu da maigida, domin zuciyata ba ta kwanta ba. Malam ya saurara, ya ce gyaran abin da ya lalace yana cutar da mutum magani ne, daban yake da sauya halitta don ado.

Kuɗi kowa ya tambaye ni, na ce adashi ne da taimakon maigida. Abin da ba wanda ya tambaya shi ne wa zai ɗauki bokiti. Likita ya ce mako 6 ba zan ɗaga abin da ya wuce kilo 5 ba. Duk macen da ke riƙe da gida a Adar, yankinmu na Tawa, ta san ma'anar wannan: ba ɗiban ruwa, ba sauke tukunya, ba daka, ba wanki, ba goyo, ba shara a duƙe. Wannan shirin ya fi tara kuɗin cin lokaci. Sai da Inna ta yarda za ta baro ƙauye ta zauna da yara, ɗiyar wan maigida ta karɓi girki, ƙanwata ta ce za ta raka ni, sannan na kira Yamai na ce a sa rana. Na zaɓi lokacin ɗari da gangan. Bayan aiki akwai ɗamarar roba mai matsewa, wadda mata ke kira gen, da ake sawa dare da rana wajen mako 6, kuma a watan Afrilu zafin Tawa yakan haura digiri 40.

Kafin kiran assalatu muka isa tasha, iskar hunturu na shiga har ƙashi. Maigida ya ɗora mana kaya, ya ce da ƙanwata, "Amana ce na ba ki." Babbar motar fasinja, wadda muke kira kar, ta tashi gari bai waye ba. Mun wuce Badagishiri rana na fitowa cikin hazo, muka sauka Tsarnawa inda hanyar Tawa ke haɗuwa da babbar hanyar ƙasa, muka juya yamma zuwa Birnin Ƙonni. Tafiyar duka wajen kilomita 550 ce. Na sha bin hanyar nan, amma ranar ce na fara jin ta a jikina. Kowane rami, kowane tudun rage gudu a bakin ƙauye, sai in dafe ciki in ce a raina: nan zan biyo da ɗinki.

A Dogon Dutsi aka tsaya salla da cin abinci. Daga nan Hausa ke fara raguwa a bakin masu talla, kafin Doso Zabarmanci ya karɓe. Muka wuce Birnin Gaure, muka wuce Kure, ƙanwata ta manna fuska a gilashi tana neman raƙuman dawa. La'asar ta yi muka shiga Yamai, taksi ya kai mu unguwar Bukoki gidan Gwaggo.

Kwanakin da suka biyo baya na takardu ne da layi. Likitan allurar barci ya fi kowa tambaya. Ya ce in faɗa masa duk abin da nake sha, har na gargajiya, har jiƙo da kayan mata, in ajiye su duka. Asfirin da danginsa na sa jini ya ƙi tsayawa. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrojin na ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, sai an gaya wa likita tun da wuri. Ya hana ni baƙin lalle a yatsu saboda na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini. Abinci kuwa awa 6 kafin aiki an rufe baki. Da safe likitan fiɗa ya tsayar da ni a tsaye ya zana jikina da alƙalami, ya kama fatar da hannu biyu ya nuna mini iya abin da zai tafi. Na yi addu'o'ina, aka tura ni ciki.

Na farka a lanƙwashe, an ɗaga kan gado, an sa matashi ƙarƙashin gwiwoyi. Ciki a ɗaure tamau, robobi biyu sun fito daga ƙasan mara, kowace da 'yar kwalbar roba a ƙarshenta. Ban taɓa sanin tari aiki ba ne sai ranar. Ma'aikaciyar jinya ta ba ni ƙaramin matashi ta ce in danna shi a ciki duk lokacin da tari ko atishawa ya zo. Washegari ta zo ta ce in tashi. Na ce, "Haba baiwar Allah, jiya fa aka yanka ni." Ta ce kwanciyar ita ce abin tsoro, don jini na iya daskarewa a ƙafa, gudan ya tafi huhu. Ta juya ni gefe, na dafa gwiwar hannu, ƙafafu suka sauka, na taka zuwa ƙofa a duƙe. Haka na yi ta tafiya a duƙe fiye da mako, don fatar a ja take, miƙewa da wuri na jan ɗinkin.

Da aka sallame ni zuwa gidan Gwaggo, kwalaben nan suka zama aikin ƙanwata. Safe da yamma takan wanke hannu, ta buɗe murfin, ta juye ruwan a ɗan kofi mai layi-layi, ta ɗaga shi wajen taga ta karanta, ta matse kwalbar kafin ta rufe don ta ci gaba da zuƙa. Ta sayi littafin 'yan makaranta ta ja layi biyu, hagu da dama, tana rubuta mililita. Ruwan ya fara da ja, ya dishe, ya koma rawaya-rawaya. Likita ya ce in abin da roba ke fitarwa ya sauka ƙasa da mililita 30 a kwana guda, zai cire ta. Da littafin muke zuwa duk ranar wankin ciwo, shi yake fara dubawa kafin ya dube ni.

Wata safiya na ji ana hura wuta a tsakar gida, sai ga Gwaggo da tukunyar ruwa na tururi da tawul. Ta ce, "Ɗiyata, buɗe in gasa miki, jinin da ya kwanta ya warware. Mu da ruwan zafi muka yi jego, ga mu garau." Da ƙauna ta zo, na sani. Na kama hannunta na ɗora a ƙasan cibiyata na ce, "Gwaggo, taɓa. Wallahi ban ji hannunki ba." An yanke ƙananan jijiyoyin ji lokacin da aka ɗaga fatar, wurin ya mutu murus, yakan ɗauki watanni kafin ya farfaɗo. Ruwan zafi zai iya dafa fatar ban sani ba. Likita ya ja mini kunne a kan wannan tun a asibiti. Gwaggo ta yi shiru, ta mayar da ruwan, ta dama mini kunu da shi. Daga ranar ita ke korar masu zuwa dubiya da man shafawa da ƙulle-ƙulle.

Maganin ciwo ya ɗaure mini ciki, ga yunƙuri an hana. Gwanda, dambun zogale da ruwa mai yawa suka taimaka, tare da maganin da likita ya rubuta. Salla a kan kujera nake yi, ina nuni da kai wajen ruku'u da sujada, bisa hadisin da ya ce a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Bayan an cire robobin, ruwa ya ɗan taru a mara, in na taɓa sai ya yi motsi. Likita ya ce wannan ita ce matsalar da aka fi gani bayan irin aikin, ya zuƙe shi da allura, ya ƙara mini kwanaki a Yamai. Kewar yara ta dame ni ƙwarai, amma na zauna.

Komawa gida ita ce tafiyar da muka fi shiryawa. Likita ya ce kar in shiga kar, inda zan zauna a takure wuni guda kuma ba ni da ikon cewa a tsaya. Ƙanen maigida ya zo da ƙaramar mota. Aka kwantar mini da kujerar gaba, matashi a baya, matashi tsakanin ciki da bel, doguwar safa mai matsewa a ƙafafu. Sharaɗi shi ne duk bayan awa ɗaya ko biyu a tsaya in sauka in taka. Likita ya kuma ce in sha ruwa. Mu mata mun saba ƙin shan ruwa a hanya don gudun neman ban ɗaki, ya ce wannan dabi'ar ke ƙara wa jini kauri. Ya rubuta mana alamomin da in mun gani mu nufi asibiti mafi kusa: ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, numfashi ya yi wuya, ciwon ƙirji, zazzaɓi, ko ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa mai wari.

Mun taka a Birnin Gaure, mun taka a Doso. A wani shingen jami'an tsaro wani jandarma ya leƙo ya gan ni a kishingiɗe, ya ce, "Hajiya, lafiya?" Ƙanwata ta ce aiki aka yi mini, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ɗaga mana hannu. A Dogon Dutsi muka kwana gidan dangi, don bayana ya gaji kafin cikin ma ya yi ƙorafi. Duk inda kwalta ta lalace, ƙanen maigida yakan rage gudu har masu babur su wuce mu, ya ce, "Yaya, riƙe matashinki." Daga Tsarnawa zuwa Tawa ƙasar ta koma jan dutse da kwazazzabai irin na Adar, na san na kusa gida.

Auta ne ya fara ganina. Ya taho a guje da hannu a sama, Inna ta cafe shi kafin ya iso. Ya yi kuka, ni ma na yi. Na zauna a kujera aka ɗora shi a gefena, na rungume kansa. Makonnin nan na kallon wasu suna yi mini aikin gidana sun fi ciwon ɗinkin wuya, ga baƙi da ke cewa ai na miƙe, me ya hana ni shiga madafa. Inna ce ke ba su amsa, ta ce likita bai sallame ni ba.

Yanzu na cire gen, na koma kan keke, ina tashi in miƙe bayan kowane ɗinki. Ciwon baya ya ragu sosai, saɓulewar fata ta tafi. Ƙasan cibiya har yau ji bai gama dawowa ba, da yamma mara takan ɗan kumbura. Tabon dogo ne kuma baƙi, zane na rufe shi. Likita ya ce tabo kan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya kwanta, kuma baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, don haka ina manna masa filastan silikon ina kiyaye shi daga rana. Akwai wani ɗan wuri a gefen hagu da ya fara kauri, na ɗauki hotonsa na tura masa, ya ce in zo Yamai ya gani da idonsa kafin zafi ya kama.