Wasiƙa daga Kadis: kifin da ba ya tsayawa

Assalamu alaikum 'yan'uwana Kanawa. Ina gaida manya, ina yi wa kowa fatan alheri daga Kadis, a kudancin Sifaniya.

Makon jiya na je Baelo Claudia, kangon wani garin Rumawa a bakin teku kusa da Tarifa, inda kake hango duwatsun Maroko a tsallake. Ina leƙa ramukan da ke jere a bakin ruwa sai gabana ya faɗi, don marinar Ƙofar Mata na gani. Sai dai nan ba shuni ake jiƙawa ba. Kusan shekara 2,000 da suka wuce, kifin tuna suke jerawa a ciki, kifi gishiri, kifi gishiri. Kayan cikin kuma a bar su su ruɓe a rana har su zama garum, wato daddawar Rumawa, a ɗura a tuluna a kai Rum.

Mu da muka saba da tarwaɗa da ƙarfasa, ko giwan ruwa yaro ne a gaban wannan kifi. Babbansa kan kai mita 3, nauyinsa ya haura kilo 500. Ba ya tsayawa, don sai yana tafe baki buɗe ruwa na ratsawa yake samun numfashi. Jikinsa kuma da ɗumi, saɓanin yawancin kifaye: jijiyar da ke fito da jini mai zafi daga tsoka tana manne da mai shigo da mai sanyi, sai zafin ya koma ciki maimakon ya bi ruwa. Ikon Allah!

Duk shekara wajen watan Mayu yake baro Atilantika garke-garke, ya bi mashigar Jibraltar zuwa Bahar Rum don zuba ƙwai. Wannan alkawari da ba ya saɓawa shi ya ci da garuruwan nan. Mutanen Kadis na dā har hotonsa suka buga a kan kuɗinsu. A kogon Franchthi na Girka ma an tono ƙasusuwansa da suka girmi zuwan noma yankin.

Har gobe masuntan Barbate, wani gari a gaɓar tekun nan, suna kafa tarun da suke kira almadraba. Wanda ya zauna gaban malam ya yi “daraba, yadribu” zai gane kalmar: wurin duka. Na tsaya inda ake feɗe tuna guda. Da wuƙa ta bi ƙashin baya sai ka ji gurrr kamar minshari, kuma da sunan minsharin suke kiran aikin, ronqueo. Suna busar da tsokar da gishiri, a yanka siriri kamar kilishi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a Baelo babu sauran wanda za a tambaya. Masana na auna rami da ƙashi suna lissafin yadda aka yi aikin. Mu kuwa marinanmu na nan da bakinsu, masuntan Tiga da Bagauda ma haka. Don Allah matasanmu masu waya a hannu, ku zauna da dattawan nan ku ɗauki muryarsu: kwana nawa baba ke yi kafin ya nuna, wace toka ake zubawa, a wane wata kifi ke hawa. Wanda ya samu ya turo mini, akwai malamin tarihi a nan da na yi wa alkawarin nuna masa Ƙofar Mata.

Wassalam, ɗan'uwanku a Kadis.