Romon dashi: inda na kai a koyon girkin Japan

'Yan uwa masu koyon girkin Japan, barkanmu da ƙoƙari. A 'yan makonnin nan na jingine sushi da tempura, na duƙufa a kan romon dashi kaɗai, domin na lura duk abincin da nake sha'awar iyawa, daga miyar miso (miso kamar daddawar waken suya ce ta Japan) har taliyar udon, da shi ake fara su. Kayan haɗinsa ruwa ne da kombu da katsuobushi.

Kombu busasshen ganyen teku ne mai faɗi, kuma mafi yawan wanda ake ci a Japan daga tsibirin Hokkaido yake fitowa. Katsuobushi kuwa kifin bonito ne da aka dafa, aka banda shi da hayaƙi har ya ƙeƙashe, sannan a kankare shi siri-siri. Garin Makurazaki a Kagoshima da Yaizu a Shizuoka sun yi suna a kansa.

Ga ma'aunin da hannuna ya zauna a kai: ruwa lita 1, kombu giram 10, katsuobushi giram 20. Farar ƙurar nan da za ku gani a jikin kombu kada ku wanke ta, ɗanɗano ce. Ku goge shi sama-sama da tsumma mai ɗan laima kawai. Ina jiƙa shi minti 30, sai in ɗora a wuta kaɗan-kaɗan. A nan ne ake buƙatar ido. Ganyen zai buɗe ya yi laushi, ƙananan kumfa su fara tsattsafowa daga gindin tukunya, to a lokacin nake tsame shi. In ya tafasa a ciki, romon yauƙi yake yi da ɗan ɗaci. Bayan nan in bar ruwan ya taso, in kashe wuta, in zuba kifin. Cikin minti 1 zuwa 2 zai nutse da kansa. Ina tacewa ba tare da na matse ba, don matsewa ƙarni take kawowa. Abin da ke fitowa garau yake, launin zinare, ana hango ƙasan kwano.

Daɗin da ke cikinsa ba baƙonmu ba ne. A 1908 masanin sinadarai Kikunae Ikeda na jami'ar Tokyo ya gano cewa sinadarin glutamate ne ke ba romon kombu armashi, kuma daga wannan bincike aka samu Ajinomoto, farin magin nan da ke kowane kanti a wajenmu. Shi kuma kifin yana da nasa sinadarin daban, in suka haɗu sai ɗanɗanon ya ninka. Shi ya sa ban yarda da masu cewa a bar ɗaya a yi da ɗaya ba, sai dai ga wanda ba ya cin kifi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda romon nan ya raba Japan gida biyu. A can zamanin da, wanda ake kira zamanin Edo, jiragen ruwan fatake da ake kira kitamaebune ne ke ɗauko kombu daga Hokkaido, su biyo gaɓar yamma su sauke a Osaka, don haka yankin Kansai, wato su Osaka da Kyoto, ya ginu a kan romo mai yawan kombu da shoyu (ruwan ɗanɗano na waken suya, wato soy sauce) mai haske, usukuchi, wanda garin Tatsuno ya shahara da shi. Mutanen Tokyo kuwa sun fi ƙarfafa kifi da baƙin shoyu, koikuchi. Na dafa udon iri biyun na ajiye gefe da gefe. Na Tokyo duhu ne, ƙamshinsa na tashi tun daga nesa. Na Osaka fari tas, har mutum ya zaci salam ne, sai ya kurɓa ya ji ya cika masa baki. Ni dai na Osaka ya sace zuciyata. Amma ku kula da hannu, usukuchi ya fi baƙin shoyun yawan gishiri duk da haskensa.

Da wannan romo na yi kitsune udon, abincin da Osaka ke alfahari da shi: taliya mai kauri, a ɗora mata siririyar soyayyiyar awara da aka dafa cikin dashi da shoyu da sukari. Ina fara zuba wa awarar tafasasshen ruwa don man ya ragu, sai ta sha romo sosai. Girke-girkensu da yawa suna sa mirin da sake, dukkansu kuma akwai giya a ciki, don haka ni sukari kaɗan nake sawa a madadinsu. Shoyun ma ku riƙa duba takardar jikin kwalba kafin ku saya, ku ga ko akwai giya a ciki.

Yanzu na koma kan miso. Na Kyoto fari ne mai zaƙi, shi kuwa Hatcho na garin Okazaki a Aichi waken suya ne zalla da gishiri, yana kwana a manyan gangunan katako shekara 2 ko fiye har ya yi baƙi. Kowanne a ƙarshe ake dama shi, bayan an sauke tukunya, don tafasa na kashe ƙamshinsa. Wanda ya riga ni gwada Hatcho a cikinku, ina son jin yawan da yake sawa a kwano ɗaya.